Kada Mu Yi Cinikin Biri a Sama

'Yan uwa malamai da iyalanmu,

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Achida zuwa Goronyo a 'yan shekarun nan, ko ya nufi Wurno ko Rabah, zai ga abin da idonsa bai saba gani ba a da: baƙaƙen farantai suna ƙyalli a kan kwanon gidaje, musamman a sababbin unguwannin bakin gari inda ma'aikata ke samun fuloti mai sauƙi. Da yawa daga cikin waɗannan gidaje namu ne. Wani da kuɗin adashi ya sanya nasa kayan solar, wani da rancen ƙungiyar gama kai da ake zara daga albashinsa wata-wata, wani kuwa sai da ya rabu da albasar da ya ajiye a rudu. Babu wanda ya sanya su don ado. An sanya su ne don a gyara takardun jarrabawa da dare, yara su yi bitar karatu, jariri da tsoho su sami iskar fanka a watan Afrilu lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Dalilin yaɗuwarsu ba ɓoyayye ba ne. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta wuce naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. A cikin wannan watan na Oktoba ne kuma mafi yawan jihohin Arewa, har da tamu, suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Janareta ya zama doki mai cin abin da ya fi ƙarfin mai shi. Wanda ya riga ya hau da faranti kan rufi ya ga amfanin abin da ya yi, wanda bai yi ba ya shiga lissafi.

To, amma gida ba ya zama a hannu ɗaya har abada, kuma mu malamai mun fi kowa sanin haka. Takardar canjin wurin aiki takan zo ba sallama. Ritaya takan zo, mutum ya so komawa mahaifarsa tun kafin garatuti ya fito. Ajali yakan zo, gida ya shiga hannun magada. A yankinmu kuma akwai dalili na huɗu mai ɗaci. Tun daga harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah cikin watan Yuli na 2018, zuwa harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, da abin da ya biyo baya, iyalai masu yawa sun tattara sun koma Sakkwato ko wani gari da ya fi kwanciyar hankali. Wanda ke sayar da gidansa cikin irin wannan hali ba shi da lokacin jan ciniki, kuma mai saye ya san haka.

Ra'ayinmu a wannan rubutu ɗaya ne. Duk ɗan ƙungiyar da zai sayar da gida mai sola, ko zai saya, ya raba cinikin biyu: kuɗin gida daban, kuɗin kayan sola daban. A ƙiyasta kayan bisa shekarun aikin da suka rage musu, a gwada su a gaban kowa, a rubuta a gaban shaidu. Abin da ke kan rufi, wanda mai saye bai hau ya duba ba, mai sayarwa kuma bai san ƙimarsa ba, shi ne ainihin birin da Bahaushe ya hana a yi cinikinsa a sama.

Yadda ake yi yanzu

Abin da aka saba shi ne dillali ya zagaya da mai saye, a ƙirga ɗakuna, a duba girman fili da rijiya da katanga, sa'an nan a ɗaga kai a ce, "Ga shi har da sola." Daga nan sai a yanke kuɗi dunƙule. A cikin wannan dunƙulewa ɗaya daga cikin ɓarna biyu ke aukuwa. Ko dai mai saye ya ɗauki kayan a matsayin gyara, kamar yadda mai sayar da tumatir ke ƙara biyu a kan kashi, malami ya yi asarar abin da ya shekara biyu yana biya daga albashinsa. Ko kuwa mai gida ya ɗora dukkan abin da ya kashe a kan kuɗin gida, ya ƙara da hauhawar farashi, mai saye ya tare, bayan wata uku batura su daina riƙe wuta, a wayi gari ana zaman sulhu a ƙofar mai unguwa. Ba lalle ne dillali ya yi mugun nufi ba. La'adarsa tana kan faɗuwar ciniki, kuma sanin fili da gini ne sana'arsa. Batir ba ya cikin abin da ya koya.

Tushen kuskuren shi ne haɗa dukiya iri biyu masu hali daban a ma'auni guda. Fili a bakin gari daraja yake ƙarawa muddin gari na faɗaɗa kuma akwai zaman lafiya. Kayan sola kuwa tun ranar da aka ɗaura su suke fara tsufa, kuma kowane sashe da irin saurin tsufansa. Masu ƙera farantai sukan ba da lamunin aiki na shekara 25, ƙarfinsu kan ragu da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara. Inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin wadda fanka da firji ke sha, yakan yi shekara biyar zuwa goma gwargwadon ingancinsa da yadda aka kula da shi. Batir mai ruwa, wanda mafi yawanmu ke da shi, yakan yi shekara uku zuwa biyar idan ana zuba masa tataccen ruwa kuma ba a zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare. Batirin litiyam ya fi tsada, amma mai kyau yakan doshi shekara goma.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukunci. Ana auna waɗannan kaya ne a ma'aunin zafi na digiri 25. Masana sun tabbatar cewa duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan haka yana rage kwanakin batir mai ruwa da rabi. Batirin da aka ajiye a ɗakin ajiya marar taga a Taloka ko Gandi ba zai ga shekarun da aka rubuta a jikin kwalinsa ba. Faranti ma idan ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake, ƙurar hunturu kuma idan ta lulluɓe shi sai an wanke kafin ya dawo daidai. Saboda haka gida biyu da aka sanya wa kaya iri ɗaya a rana ɗaya na iya bambanta ƙwarai bayan shekara uku, gwargwadon kulawar masu su.

Lissafin da kowane malami zai iya

Hanyar ƙiyasi ba ta wuce darasin kaso na aji shida ba. A tambayi kasuwa nawa sabon kowane sashe yake a yau, a duba shekarun da ya rage masa cikin shekarun da ake sa ran zai yi, a ɗauki wannan kaso. Bari mu buga misali da alƙaluma na allo, waɗanda muka zaɓa don sauƙin lissafi kawai. Mu ce kayan sun shekara uku a kan rufi. Mu ce sababbin farantai irinsu naira 600,000 ne a yau. Saura shekara 22 cikin 25, ƙimarsu ta zama 528,000. Sabon inbata 400,000. Saura bakwai cikin goma, ya zama 280,000. Sababbin batura masu ruwa naira miliyan ɗaya. Saura shekara ɗaya cikin huɗu, suka zama 250,000. Wayoyi da ƙarafa da ladan aiki 200,000. A ɗauki kashi uku cikin huɗu, 150,000. Jimla ta zama naira 1,208,000, alhali sabo zai ci 2,200,000.

Abin lura a wannan misali shi ne, sashen da ya fi cin kuɗi ranar saye shi ya fi saurin narkewa. Mai saye yakan ɗaga kai ya ƙirga farantai, alhali dukiyar da ake jayayya a kai tana ƙasa, cikin lungu, a jikin batura. Wanda ya gane wannan ba zai yarda a ruɗe shi da yawan faranti ba, kuma ba zai ruɗi kowa da shi ba.

Za a iya tambaya: don me za a auna da farashin yau, ba da abin da mai gida ya biya ba? Amsar tana cikin halin da naira ta shiga. Kusan dukkan waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, akasari daga Sin. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati; a cikin 2024 ta wuce 1,500. Malamin da ya sanya kayansa kafin wannan faɗuwa zai iya tarar da cewa tsofaffin kayansa sun kai, ko sun ɗara, abin da ya biya suna sababbi. Idan mai saye ya ce masa, "Ai nawa ka saya?" tambayar ba ta da muhalli, domin idan ya ƙi waɗannan, da farashin yau zai je ya sayo wasu. Haka kuma idan farashin faranti ya sauka a kasuwa, kamar yadda ya yi ta sauka a duniya tun daga 2010, mai gida ba shi da hujjar ɗora wa mai saye tsadar da ya tarar a zamaninsa. Ma'auni ɗaya ne, ya faɗa wa wanda ya faɗa.

Shi ma mai saye yana da nasa lissafin da zai kwantar masa da hankali. Gidan da ke ƙona lita biyu a janareta kowane dare yana ƙona lita 730 a shekara. Idan lita tana naira 1,000, an doshi kashi uku cikin huɗu na miliyan ke nan, ban da baƙin mai da gyara da hayaƙi da ƙara. Sai ya ajiye wannan a gefe ɗaya, ya ajiye kuɗin kayan da na sababbin baturan da zai saya nan gaba kaɗan a ɗaya gefen, ya ga wanda ya rinjaya. Wanda kuwa dama fitila biyu da cajin waya ne iyakar bukatarsa, ba a yi masa adalci ba idan aka tilasta masa sayen abin da zai ɗauki firji da famfon rijiya.

A nan ya kamata mu ja kunnen masu ɗauko alƙaluma daga intanet. Gaskiya ne cewa a 2015 cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Amurka ta duba cinikin gidaje fiye da 22,000 a jihohi takwas, ta gano cewa gida mai sola yakan sami ƙarin kimanin dala 15,000. Amma a can wuta ba ta cika yankewa ba, mafi yawan gidajen da aka duba ba su da batir, farantai suna haɗe ne da layin kamfani, abin da ya yi rara a rage wa mai gida a takardar biyan kuɗi. Akwai kuma masu ƙiyasta gidaje da rajistar ciniki da bankunan da ke ba da rancen shekaru masu yawa. Mu a nan batir ne zuciyar abin, kuma kuɗi hannu ake ciniki. Wanda ya ɗauko kason Amurka ya ɗora wa gida a Wurno ya auna gero da ma'aunin zinariya.

Abin da ya shiga ciniki da abin da bai shiga ba

Tambayar ko kayan da ke jikin gida suna bin gida wajen sayarwa tsohuwa ce, kuma malamanmu na zaure sun daɗe da amsa ta. A Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a wannan ƙasa tun kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno, akwai fasali a kan abin da ciniki ke ƙunsa idan ba a ambata ba. Taƙaicen hukuncin shi ne, sayar da gida yana haɗawa da abin da aka kafe a jikinsa, kamar ƙofa da kanta da tsanin da aka buga wa ƙusa, amma ba ya haɗawa da abin da ake ɗauka a ajiye, sai idan an yi sharaɗi. To, a duba kayan sola da wannan ido. Farantai an ɗaure su da ƙarfe a kan rufi. Wayoyi suna cikin bango. Inbata yana rataye da ƙusa huɗu. Batura kuwa a ƙasa suke zaune, mutum biyu za su ɗauke su cikin minti goma. Ga abu ɗaya, rabinsa kafaffe, rabinsa sakakke. Idan ba a faɗa ba, ba a rubuta ba, kowane ɓangare zai tafi da fahimtarsa, kuma kowa zai sami abin kafa hujja a gaban alƙali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haka zancen aibi. Shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Malamin da ya san baturansa ba sa kaiwa ƙarfe biyun dare, ya cika su da rana ya kunna fanka a gaban mai saye ya yi shiru, ya ci amanar da yake koya wa yara kiyayewa kowace safiya. Wajibi ne a faɗi shekarun kayan, a faɗi abin da aka taɓa gyarawa, a nuna inda rufi ke yoyo a gindin ƙarfe idan akwai. Wajibi ne kuma a faɗi bashi. Wasu ƙananan kayan sola ana karɓarsu ne bisa biya kaɗan-kaɗan ta waya, idan aka daina biya na'urar ta kulle kanta; irin wannan ba ta zama mallakar mutum ba sai ya gama biya, don haka ba shi da ikon sayar da ita. Wanda kuma ya ci rancen ƙungiyar gama kai ya sani cewa gida zai tafi, amma zarar albashi tana nan. Ya sanya ragowar bashin a gabansa kafin ya ce ya sallama.

Gwaji kuwa ba na rana tsaka kaɗai ba ne. Da rana kowace sola jaruma ce. A kira mai gyaran da bai da rabo a cinikin, ya auna abin da farantai ke bayarwa da hantsi bayan an wanke su, ya duba tsaga ko ƙuna a jikinsu, ya karanta ranar ƙira a jikin batura, ya auna ruwansu idan masu ruwa ne, ya duba adadin cajin da na litiyam ya yi idan na'urarsa tana nunawa. Bayan magariba a kunna abin da aka saba kunnawa, a bar shi, a dawo da asuba a ga abin da ya rage. Dare ɗaya zai faɗi abin da rantsuwa goma ba za ta faɗa ba. Gani ya kori ji.

A kwance ko a bari?

Wasu daga cikinmu za su ce duk wannan wahala ce: a kwance kayan a tafi da su, a sayar da gida tsurarsa. Wani lokaci wannan shi ne daidai, musamman idan batirin litiyam ne sabo, ko kuwa mai saye ya ƙi biyan komai. Amma a yi lissafi tukuna. Akwai ladan kwancewa da na mota da na sake ɗaurawa. Faranti gilashi ne, hanyoyinmu kuma mun san su. Wayoyin da aka yanka daidai da wancan gida ba lalle su isa wannan ba. Ramukan da aka bari a kwano za su yi magana da saukar ruwan farko, kuma mai saye zai rage kuɗin gyaransu. Wanda zai koma gidan haya a Mabera ko Arkilla sai ya tambaya ko mai gidan zai yarda a huda masa rufi. Idan kuwa kasuwa za a kai su, sunansu ya zama kayan hannu, kuma tayin kayan hannu kowa ya san shi. Sau da yawa hanyar tsakiya ta fi: a bar farantai da wayoyi da ƙarafa a kan ƙimarsu, a daidaita a kan inbata da batura, ko a bari ko a ɗauka.

Ga 'yan uwanmu da tsaro ya raba da gidajensu ba tare da sun sayar ba, akwai abin da ya kamata su sani. Batir mai ruwa idan aka bar shi babu caji na tsawon watanni mutuwa yake, ko da ba a taɓa shi ba, kuma ruwansa na ƙafewa idan babu mai dubawa. Gidan da babu kowa, faranti na ƙyalli a kansa, kira yake yi wa ɓarawo. Idan hali ya yi, a kwashe batura da inbata a kai inda za a yi amfani da su, ko a sanya amintacce ya zauna a gidan. Kada kuma tsoro ya sa a sallama dukiyar shekara ashirin a yini ɗaya ga wanda ya zo da kuɗi a buhu yana cewa gobe ba za a sami mai taya ba.

Haƙƙin malama da na maraya

Akwai wani gefe da ba a cika magana a kai ba, kuma ya fi kowanne taɓa iyalanmu. A gidaje da yawa malama ce ta sayi kayan sola da albashinta ko da kwasar adashinta, aka ɗaura a kan rufin gidan mijinta. A shari'a dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba. Amma ran da mai gida ya rasu aka zo ƙiyasta abin da ya bari, idan babu rasit da sunanta, babu shaidar da ta san zancen, sai a haɗa kayan cikin gida a raba, ta tashi da tumunin abin da ita ta saya gaba ɗaya. Haka idan aure ya mutu, ko mijin ya sayar da gidan. Muna kira ga 'yan uwanmu mata su karɓi rasit da sunansu, su ajiye, kuma muna kira ga mazajensu su zama na farko da za su shaida hakan tun suna da rai. Wannan ba ya rage wa mai gida girma ko kaɗan.

Idan kuwa kayan na mamacin ne, to dukiyar magada ne, ba tarkacen da ɗan uwa zai kwance ya kai gidansa ana cikin zaman makoki ba. A fara biyan bashin da ke kansu, a ƙiyasta su daban kamar yadda muka bayyana, domin wanda gida ya faɗa wa a rabo ya san abin da ya karɓa, sauran kuma su san abin da aka ba su a madadinsa.

Mun san za a ce rubutu tsakanin maƙwabta ko 'yan uwa alamar rashin yarda ce, kuma iyayenmu sun yi ciniki da musafaha kawai. Gaskiya ne sun yi, amma abin da suka saya da abin da suka sayar kowa yana ganinsa: ɗaki, rumbu, rijiya, bishiya. Ba su sayar da akwatin da lafiyarsa ke ɓoye a cikinsa ba. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka. Takarda tana tsare zumunci ne daga mantuwa da mutuwa, waɗanda ba sa neman izinin kowa. Dama kuma cinikin gida ba ya kammala sai da hukuma: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora sauya hannun fili mai takardar gwamna a kan amincewar gwamna, na gargajiya kuma a kan amincewar ƙaramar hukuma. Tun da tilas a rubuta gidan, ƙarin shafi ɗaya domin abin da ke kan rufinsa ba zai gagara ba.

Abin da ya rage wa reshe

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malami shi kaɗai, a matse, yana fuskantar dillali da mai kuɗi, ba shi da ƙarfi. Reshe yana da shi. Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1931, ba don albashi da ƙarin girma kaɗai take ba. Kare abin da malami ya tara da wannan albashi yana cikin aikinta. Muna roƙon shugabannin rassanmu na Wurno da Rabah da Goronyo su shirya takarda mai shafi ɗaya, da Hausa, a boko da ajami, mai gurbin kowane sashe na kayan sola: irinsa, adadinsa, lambarsa, ranar saye, sunan mai shi, bashin da ya rage, sakamakon gwaji, ƙimar da aka amince, da abin da zai zauna da abin da za a ɗauka, sa'an nan gurbin sa hannun shaidu. A ajiye kwafi a ofishin reshe.

Muna da malaman lissafi da na kimiyya da na fasaha a cikinmu. A zaɓi biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma su koyi wannan gwaji, su riƙa raka ɗan ƙungiya ko matar mamaci ranar ciniki, mai saye ne ko mai sayarwa. Ƙungiyoyinmu na gama kai kuma su duba yiwuwar ba da ɗan rance na 'yan watanni ga wanda canjin aiki ko gudun hijira ya tilasta wa tashi, domin ya sami kuɗin haya ba tare da ya karyar da gidansa ba. Mafi yawan asarar da ake yi a irin wannan ciniki gaggawa ce ke jawo ta, wanda ya sami wata uku na numfashi kuwa ya sami bakin cewa albarka.

Kafin reshe ya zauna a kan wannan, akwai abin da kowannenmu zai iya yi a wannan mako. A nemo rasit ɗin kayan a sanya cikin fayil ɗaya da takardar ɗaukar aiki. A rubuta ranar da aka ɗaura batura a jikin bangon da ke kusa da su. A buɗe ɗan littafi a riƙa rubuta ranar zuba ruwa da ranar gyara, kamar yadda muke cika rajistar aji. Wanda ya zo ciniki da irin wannan littafi ba ya bukatar rantsuwa, kuma magadansa ba za su bukaci rigima ba. Allah ya ba yankinmu zaman lafiya, ya sa kowa ya ci halaliyarsa.